Kafin a Yi wa Kwamfuta Fomatin: A Ina Sautin Ya Maƙale?

 Zancen yau na masu cin abinci da murya ne: ma'aikatan gidajen rediyo, masu situdiyon waƙa, masu naɗar karatun malamai da tafsirin azumi, masu fassarar fina-finai, da matasan da ke haɗa shirye-shirye a ɗaki suna ɗorawa a intanet. Kowa a cikinsu ya san irin ranar nan da za a jona makirufo, a buɗe manhajar naɗar sauti, a danna jan maɓalli, sai layi ya miƙe ɗoɗar babu ko motsi. Wata rana kuma sautin zai shiga, amma yana ƙas-ƙas yana yankewa, ko mai magana ya riƙa jin muryarsa tana dawo masa a makare har harshensa ya sarƙe. Abin da aka saba yi sananne ne: a sauke manhajar a sake ɗora ta, in bai yi ba a kai wa mai gyara ya yi wa kwamfutar fomatin, in ta ƙi a ce katin sautin ya mutu, a nemi wani. Ni a ganina wannan hanya asarar kuɗi ce da lokaci, kuma ita ce take sa matsalar ta yi ta dawowa. Sauti hanya yake bi zango-zango, kuma galibi a zango guda yake maƙalewa. Aikin mai gyara shi ne ya gano zangon, ta hanyar canza abu ɗaya tak a lokaci guda.

Bari mu bi hanyar tare. Murya tana shiga makirufo ta zama 'yar ƙaramar wutar lantarki, ta bi waya zuwa katin sauti, ko na cikin kwamfutar ne irin na Realtek da ke zuwa a yawancin laftof, ko na waje da ake jonawa ta USB irin su Focusrite Scarlett da Behringer. Katin ne yake auna wannan wuta sau dubbai a kowace daƙiƙa, ya mayar da ita lambobi. To amma Windows ba ta jin yaren kowane kati kai tsaye, sai ta hannun wata ƙaramar manhaja da ake kira direba. Direba kamar tafinta yake a gaban alƙali: mai ƙara lafiyarsa lau, alƙali ma lafiyarsa lau, amma in tafinta bai zo ba, ko ya zo bai iya ɗaya daga harsunan biyu ba, shari'a ta tsaya. Daga hannun direba sauti yake wucewa sashen sauti na Windows, sannan a ƙarshe ya isa manhajar da kake kallo a allo, Audacity ce, ko Adobe Audition, ko Cubase, ko FL Studio. Wato manhajar da muke fara zargi ita ce ta ƙarshe a layi. Ita ke nuna saƙon kuskure saboda ita ce mai baki, amma sau da yawa ba daga gare ta laifin ya taso ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a cikin Windows ɗin kanta hanyar ba ɗaya ba ce. Akwai tsohuwar hanya mai suna MME da ta samo asali tun 1991. Akwai DirectSound da ta zo a 1995, wadda aka yi musamman don wasannin kwamfuta. Akwai WASAPI da ta zo tare da Windows Vista. Sai kuma ASIO, wadda ba ta Microsoft ba ce, kamfanin Steinberg na Jamus, masu Cubase, su suka fito da ita a 1997, domin sauti ya tsallake sashen Windows ya tafi kai tsaye daga kati zuwa manhaja ba tare da dogon jinkiri ba. Ba a rushe tsohuwa don sabuwa ta zo ba, duk suna nan a jere, kuma yawancin manhajojin naɗa suna da wurin da za ka zaɓi wadda za su bi. Wannan shi ya sa za ka ga kati ɗaya, a kwamfuta ɗaya, yana aiki sumul a wata manhaja, yana ƙi a wata. Ga misali: shekaru da yawa Audacity da ake saukewa kyauta ba ta zuwa da ASIO saboda saɓanin sharuɗɗan lasisi tsakaninta da Steinberg. Mutum zai ga katinsa na aiki da ASIO a Cubase, ya buɗe Audacity ya neme ta ya rasa, ya ɗauka wani abu ya lalace, alhali babu abin da ya lalace.

Tarihi ma ya ba mu shaida cewa lafiyayyen kaya kan yi shiru dare ɗaya ba tare da ko waya ta tsinke ba. Lokacin da Vista ta shiga kasuwa a farkon 2007, Microsoft ta sake ginin sashen sautinta gaba ɗaya, sai katunan Creative masu tsada suka rasa wasu ƙwarewarsu a wasannin da ke bin DirectSound, har sai da kamfanin ya fito da wata manhaja mai suna ALchemy don cike giɓin. A watan Afrilun 2018, sabuntawar Windows 10 ta faɗaɗa ikon wani maɓalli na sirri da ke ba manhajoji izinin amfani da makirufo, ya zamana ya shafi har manhajojin naɗa na yau da kullum. Mutane da yawa a duniya suka wayi gari makirufonsu ba ya ɗauka, maganin kuwa kunna maɓalli ɗaya ne a sashen sirri na saituna. A 2019 kuma Apple ta fito da macOS Catalina wadda ta daina karɓar manhajoji masu bit 32, tsofaffin manhajoji da kayan haɗin wasu katuna suka tsaya cak. A duk waɗannan lokuta, wanda ya sayi sabon kati bisa zaton nasa ya ƙone ya yi asara, domin abin da ya canza yarjejeniya ce tsakanin manhaja da manhaja.

To ta ina ake farawa? Daga inda ido ke gani, hannu ke taɓawa. Yawancin katunan waje suna da 'yar fitila da ke haskawa in sauti ya shigo. Yi magana a makirufo, ka dubi fitilar. In ba ta motsa ba, kada ka taɓa kwamfuta ko kaɗan, domin sautin bai ma iso ƙofarta ba. Wataƙila waya ce ta karye a ciki, wataƙila an murɗe ƙarfin shigar sauti zuwa ƙasa, wataƙila kuma makirufon irin na situdiyo ne mai buƙatar wutar bolt 48 daga kati, ba a danna maɓallinta ba. Masu jona makirufo kai tsaye a laftof su lura da bakin wayar: ramin laftof na zamani guda ɗaya ne da ya haɗa hedifon da makirufo, yana son baki mai zobe uku, in ka sa masa mai zobe biyu sai ya ɗauke shi hedifon kawai. In kuwa fitila ta haska, sai ka matsa zango na gaba. Buɗe saitunan sauti na Windows, ka nemi sunan katinka a jerin na'urorin shigar da sauti, ka yi magana ka ga ko ma'aunin yana rawa. Wannan gwaji shi ne ke raba gardama. In sunan katin ba ya nan, ko a Device Manager ka ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa a gefensa, zancen direba ne. In sunan yana nan kuma ma'auni na rawa, to kati lafiya, direba lafiya, saura izini da saitin manhajarka. Minti biyu bai cika ba ka rage inda za ka bincika da rabi.

Idan matsalar ta rage a manhaja, ita ma tana da 'yan wuraren da take yawan tuntuɓe. Audacity tana duba na'urorin da ke jone ne a lokacin da aka buɗe ta, don haka in ka jona kati bayan ka buɗe, sai ka umarce ta ta sake dubawa, ko ka rufe ka sake buɗewa. Lambobin kuskuren da take nunawa ma ba ado ba ne, kowace da ma'anarta: 9996 na nufin na'urar da aka zaɓa ba ta samu ba, 9997 na nufin saɓani a yawan awon sauti, 9998 na nufin an nemi adadin tashoshin da katin ba zai iya bayarwa ba. Wanda ya karanta lambar ya rubuta ta kafin ya danna rufe, ya riga ya yi rabin aiki. Akwai kuma zancen mallaka. Windows tana iya bai wa manhaja ɗaya damar riƙe kati ita kaɗai, kuma direbobin ASIO da dama ba sa yarda da manhaja biyu a lokaci guda. In Zoom ko wani shafin intanet ya riga ya kama makirufo, manhajar naɗa za ta zo ta tarar da ƙofa a kulle. Haka nan mai makirufo ɗaya da ya jona a rami na farko amma ya saita naɗa a tasha biyu, zai ji muryarsa a kunnen hagu kaɗai, ya yi ta zargin hedifon.

Zancen yawan awo ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa, domin ya shafi 'yan rediyo kai tsaye. Faifan CD yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, aikin bidiyo da talabijin kuma ya fi amfani da 48,000. Wurare uku ne ake saita wannan lamba: a direban kati, a saitunan Windows, da cikin aikin da ka buɗe a manhaja. In suka saɓa, wani lokaci kwamfuta za ta daidaita da kanta ba ka sani ba, wani lokaci ta ƙi naɗa, wani lokaci kuma ta yi abin da ya fi muni, ta karanta wannan da ma'aunin wancan. Sautin da aka naɗa a 44,100 in aka kunna shi a matsayin 48,000 zai ƙara gudu da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta sirance, shirin minti 30 ya ƙare a kusan minti 27 da rabi. In aka juya lamarin, murya ta yi kauri tana ja, shirin ya haura minti 32. Babu fomatin da zai hana wannan dawowa, matuƙar ba a zaɓi lamba ɗaya an tsayar da ita a wuraren uku ba.

Sai ƙas-ƙas da jinkiri, waɗanda tushensu ɗaya. Kwamfuta ba ta karɓar sauti ɗigo-ɗigo, tana tara shi ne a ɗan ma'aji da ake kira bafa, in ya cika ta kwashe. Bafa mai awo 128 a kan 48,000 tana cika a ƙasa da milisakan 3, wato kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa, mai awo 1024 kuma tana ɗaukar milisakan 21, kuma sai an yi wannan jira a shiga, a sake yi a fita. Ƙaramar bafa tana rage jinkiri amma tana matsa wa kwamfuta, in ta makara ko sau ɗaya sai a ji ƙas. Babbar bafa tana ba ta sarari, amma mawaƙi zai ji kansa a makare. Mai naɗar jawabi ko karatu ba shi da dalilin wahalar da na'urarsa, ya ɗaga bafa, ya saurari kansa ta maɓallin sauraron kai tsaye da ke jikin yawancin katunan waje, wanda ke tura murya zuwa hedifon tun kafin ta shiga kwamfuta. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, wani lokaci mai haddasa ƙas-ƙas ɗin ba direban sauti ba ne sam. Direban wayafai, ko na katin hoto, ko tsarin tsimin batir, kan riƙe kwamfuta na ɗan lokaci har bafa ta zube. Akwai manhaja mai suna LatencyMon da ke nuna wane direba ne ke wannan riƙo, amma ko babu ita, kashe wayafai ka sake naɗa gwaji ne da ba ya cin ko kwabo. Gurnanin nan mai kauri da ke kwance ƙarƙashin murya kuwa, shi ba ruwansa da direba. Wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ita ce kan biyo ta caja ko ta rashin wayar ƙasa, balle in janareta ake amfani da shi. Zare caja, ka naɗa da batir. In gurnani ya ɗauke, ka san inda za ka kashe kuɗinka.

Na san wani mai sauraro zai ce: Malam, duk wannan dogon turanci ne, mu dai mun sha yin fomatin kuma abu ya gyaru. Gaskiya ne, yakan gyaru, kuma dalilin a fili yake: fomatin yana mayar da kowane saiti asalinsa, har da wanda ya kawo matsalar. Amma duba abin da aka biya. An yi asarar yini, an sake ɗora manhajoji, wani sa'in tsofaffin naɗe-naɗen da ba a adana a wani wuri ba sun tafi ke nan. Mafi tsada kuma, an share shaidar. Ba wanda ya san abin da ya faru, don haka ranar da Windows ta sake sauko da direban nan da bai dace ba, ko wani ya sake taɓa saitin nan, za a koma gidan jiya. Ban ce fomatin ba shi da rana ba. In ƙwayar cuta ta ci kwamfuta, ko an cika ta da manhajojin sata da aka fasa, waɗanda kan zo da tarkacen da ba wanda ya san aikinsa, wanke ta shi ne daidai. Amma matsayinsa na ƙarshe ne, bayan an bi zangon an rasa.

Wani kuma zai ce ai maganin direba shi ne a riƙa sabunta shi, sabo ya fi tsoho. Wannan rabin gaskiya ce. Direba nagari shi ne wanda ya dace da katinka da kuma irin Windows ɗin da kake kai, sabo ne ko tsoho. Sau da yawa matsala kan fara ne washegarin sabuntawa, shi ya sa a Device Manager aka tanadi maɓallin komawa direban baya, kuma tambaya ta farko da ya kamata mai gyara ya yi ita ce: me ya canza tun ranar da abin ya yi aiki na ƙarshe? Ina kuma jan kunne a kan manhajojin nan da ke alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya. Suna canza abu ashirin a tashi guda, in wani abu ya karye ba ka san wanne ba ne. Direban kati a shafin kamfanin da ya ƙera shi ake ɗauko shi, a cire tsohon tukuna, a sake kunna kwamfuta, sannan a ɗora. Amma kada a fahimce ni a baibai, a ce na ce a daina sabuntawa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adin tallafinta na gama-gari ya cika a 14 ga Oktoban 2025, kuma kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro tana cikin haɗari in tana hawa intanet. Matsakaicin ra'ayi shi ne a sabunta da niyya, a ranar da babu aiki a gaba, a yi naɗar gwaji bayan an gama. Wanda ya ga dole ya zauna a tsohuwar Windows saboda tsohon katinsa, ya raba wannan kwamfuta da intanet, ya bar ta ga naɗa kawai.

Akwai kuma masu ɗaukar ASIO4ALL a matsayin maganin kowace cuta. Manhaja ce mai amfani, kyauta ce, kuma ta ceci masu ƙananan katuna da yawa waɗanda kamfanoninsu ba su yi musu direban ASIO ba. Sai dai a san abin da take yi: tana lulluɓe direban Windows ne ta nuna wa manhaja fuskar ASIO. In katinka yana da nasa direban ASIO daga kamfani, ɗora ASIO4ALL a kansa ƙarin zango ne a hanyar da kake son gajartawa, kuma takan kama katin ta hana sauran manhajoji sauti.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne na mai cewa: baƙo na zaune a situdiyo, lokacin shiri ya gabato, ina ni ina bincike zango-zango? Wannan magana ce ta wanda ya san aiki, kuma amsarta ba a ranar matsala take ba, a ranar lafiya take. Ranar da komai ke tafiya daidai, ɗauki takarda ka rubuta lambar direban da ke kai, hanyar da manhaja ke bi, yawan awo, girman bafa, da ramin USB ɗin da kati ke ciki, domin canza rami kaɗai kan sa Windows ta ɗauki kati a matsayin sabuwar na'ura ta mayar da saitinsa na asali. Manna takardar kusa da kwamfuta. Ranar da abu ya rikice, kwatanta abin da ke allo da abin da ke takarda ya fi fomatin sauri nesa ba kusa ba. A ajiye kuma hanyar ko-ta-kwana, ko da wayar hannu ce ko ƙaramin rikoda, don kada baƙo ya tashi da maganarsa a baki.

Ga masu shirin sayen kati, musamman na hannu da ake kawowa daga waje, bincike kafin biya yake farawa. Shiga shafin kamfanin, ka nemi sunan katin, ka ga wace Windows ce ta ƙarshe da aka yi masa direba. Kati mai kyan gani da arha wanda direbansa ya tsaya a bit 32 ba zai hau Windows mai bit 64 ba, komai ƙwarewar mai gyara. Katunan da suka bi ƙa'idar sauti ta USB ta bai-ɗaya sun fi sauƙin sha'ani, domin Mac da Linux sun daɗe suna karɓarsu ba tare da ƙarin direba ba, Windows 10 ma ta fara zuwa da direban mataki na biyu na wannan ƙa'ida tun 2017. In da hali, tafi shagon da laftof ɗinka, a jona katin a gabanka, ka naɗa minti biyar ka saurara da hedifon kafin kuɗi ya bar hannunka.